Yadda Jalaluddeen Ya Sauko da Bikin Michael

A layin masu shaguna na Kanti, cikin garin Kazaure, babu wanda ya ba Jalaluddeen sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa mai fenti ya rubuta da jan launi a saman ƙofar shagonsa don kada wani ya yi musu. Abin da ke cikin shagon bai wuce caja da rigunan waya ba, sai wata tsohuwar kwamfuta da yake tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Ya taɓa shiga wani kwas na kwamfuta a Kano, ya fito kafin a gama, domin a cewarsa malaman sun fara yi masa tambayoyin da ya kamata a ce sun san amsarsu da kansu.

Bara ne ƙungiyar masu shagunan layin ta haɗa hannu ta sa waifai na kowa da kowa. Aka ɗaura na'urar a jikin turken rumfar da ke tsakiyar layin, aka haɗa ta da sola, aka bar lambar sirrin a hannun shugaban ƙungiya, Alhaji Maikasuwa mai sayar da taki da iri. Ranar da aka sa na'urar Jalaluddeen yana Babura wajen suna, amma tun da ya dawo, in baƙo ya zo sai ya nuna turken da leɓe ya ce, "Ɗan aikinmu ne."

A ƙarshen layin Dinatu ke da gidan abinci. Daga kudancin Kaduna ta zo tun tana amarya, a nan ta haifi ɗanta guda ɗaya, Michael, a nan kuma ta binne mijinta. Michael yana aiki a Fatakwal, ya auri wata yarinya Marvellous a can garinsu, amma bikin ya faɗo daidai lokacin da aka yi wa Dinatu aiki a gwiwa, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ta ɗinka ankon biki, ta ninke shi ta sa a akwati. Da mai ɗaukar bidiyo ya gama aikinsa, abin ya yi girman da waya ba za ta ɗauka ba, sai Michael ya sa shi a irin tsarin nan da mutane ke raba manyan fayiloli a tsakanin kwamfutocinsu, ya turo wa mahaifiyarsa adireshin.

Dinatu ta dogara sandarta har shagon Jalaluddeen ta nuna masa saƙon.

Ya dube shi da gefen ido ya yi murmushi. "Mama, kin zo inda ya dace. Wannan ai ba aiki ba ne. Ki ɗora tukunya, kafin ruwan ya tafasa kina kallon amarya."

"Jala, ka tabbata? Na gayyaci mutane fa ranar Asabar bayan la'asar. Matan coci, da ƙanwata daga Roni, da su Hajiya na gidan baya. Ko mu fara tun yau?"

"Injiniya, Mama. Kuma a fara tun yau a yi me da sauran kwanakin? Ki ƙara gayyato wasu ma."

Ta koma ta ƙara gayyato wasu.

Ranar Asabar da hantsi Jalaluddeen ya fito da kwamfutarsa ƙarƙashin rumfa, ya shimfiɗa mata tawul, ya maƙala tabarau duk da idonsa lafiya lau. Halliru mai aski, wanda shagonsa ke kallon rumfar, ya jawo benci ya zauna. Ya daɗe yana jiran irin wannan rana.

"Ku matso ku ga ilimi," in ji Jalaluddeen. "Wannan ba irin saukewar da kuka saba ba ce, ta wuri ɗaya ya ba ka. Wannan gayya ce. Duk wanda ke da bidiyon a kwamfutarsa, ko a wace duniya yake, zai miƙo mini ɗan yanki, ni kuma in harhaɗa. Kamar ruwan sama zai zubo."

Ya danna. Wani siririn layi ya fito a fuskar kwamfutar, wanda zai riƙa cika yayin da bidiyon ke saukowa. A gefensa aka rubuta sifili. Suka zuba masa ido. Halliru ya tashi ya yi wa wani aski, ya gyara masa gemu, ya karkaɗe ƙyalle, ya dawo.

"Injiniya, ruwan ya sauka?"

"Hadari yake haɗawa."

"Mutum nawa suka zo gayyar?"

Jalaluddeen ya leƙa. Kwamfutoci biyu ne kacal ke da bidiyon a duniyar nan, ta Michael da ta wani kawun amarya. Yana cikin kallo ta kawun ta ɓace.

"Gayyar mutum biyu," in ji Halliru, "ɗaya kuma ya tafi shan ruwa."

Jalaluddeen ya miƙe ya gyara tabarau. Ya ce ya gano matsalar, jama'a ne suka yi wa waifai ɗin yawa, kowa na tsotsa. Ya bi layin shago shago yana ba da umarni kowa ya kashe wayarsa. Tela ya ce to, bai kashe ba. Mai shayi ya ce tasa ba ta ma hawa waifai, ya ce duk da haka a kashe, tana iya sha'awa. Da ya isa kemis ɗin Sadiyya sai ya rage murya, ya jingina da kanta.

"Ranki ya daɗe, aikin gaggawa ne ya taso. A ɗan sauka daga waifai."

Sadiyya ba ta ɗago daga wayarta ba. "Ina jiran wata mata daga Gwiwa ta turo mini hoton takardar maganin ɗanta. In sauka in ce mata me?"

"Ki ce Injiniya na aiki."

"Sai ta ce wane?"

Ya dawo rumfa ya tarar siririn layin kwamfutar ya motsa, kashi ɗaya cikin ɗari. Ya ce kun gani, ai dama ya faɗa.

Rana ta ɗaga, kashi ɗayan nan ya ƙi samun ɗan'uwa. Jalaluddeen ya zagaya turken, ya ɗaga kai ya dubi na'urar, ya juya ya dubi duwatsun da suka kewaye gari, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ba ya so.

"Duwatsun nan ne ke shanye mana sabis. Na'urar tana watsa shi ko'ina, rabi yana tafiya can yana ba wa ƙadangaru. Sai an tare shi an juyo da shi."

Ya zagaya bayan gidan abincin Dinatu, inda ta ɗora babbar tukunyar shinkafa a kan murhu ta shiga ciki tana suyar kaji. Ya ɗauke murfin da bakin rigarsa. Ya ɗora bencin Halliru a kan wani duro, ya hau, ya ɗaure murfin a jikin turke da igiyar shanya. Sai dai da ya sauko, ashe ya sa murfin ne tsakanin na'urar da kwamfutarsa. Ɗan abin da ke ɗigowa ya tsaya cak.

Daga can ɗaya gefen tela ya leƙo. "Injiniya, Allah Ya saka da alheri. Tun da aka sa abin nan bai taɓa gudu irin na yau ba."

Jalaluddeen ya sake hawa don ya juya murfin. Igiyar ta zame. Murfin ya faɗo da gefensa, ya yi ƙara kamar an buga ƙararrawar makaranta, ya mirgina ya bi layin. Wani mai keke ya kauce masa ya shiga kwandon mai lemo. Murfin bai tsaya ba sai da ya daki babur ɗin Alhaji Maikasuwa ya karya madubi, sannan ya yi 'yar rawarsa a ƙasa ya kwanta.

Dinatu ta fito da ludayi a hannu. Shinkafar ta zama sama tsaki, ƙasa gawayi.

"Jala, murfin tukunyata ne wancan?"

"An ɗan are shi ne don kimiyya, Mama."

"Ruwan ya tafasa tun ɗazu. Ya ƙone ma. Ina amaryar?"

"Tana hanya."

Ta dube shi, ta dubi murfin da ya loɓa, ta aika a auno mata wata shinkafar.

Alhaji Maikasuwa ya iso riƙe da madubin babur ɗinsa. Mutum ne mai jiki, ba ya sauri, ba ya kuma ɗaga murya. Jalaluddeen ya riga shi magana.

"Ranka ya daɗe, a bar zancen madubi tukuna. Babbar matsalarmu ita ce ba mu da masu iri."

"Iri? Ai ina da shi. Na gero ko na wake?"

"A'a, ranka ya daɗe. A harshenmu na injiniyoyi, wanda ke da cikakken fayil a hannunsa shi ake kira mai iri."

"To a harshenmu na 'yan kasuwa, wanda ya fasa madubi shi ake kira mai saye."

Alhaji ya ajiye masa madubin a kan tawul ya koma shago, domin wani abokin cinikinsa na Nijar na jiransa a waya.

Ana nan sai kwamfutar ta fito da wani ɗan rubutu da Turanci. Jalaluddeen ya karanta yana motsa leɓe, fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Ga ɓarawon. Ta ce ƙofa a rufe take."

Halliru ya tashi ya tura ƙofar shagonsa ta buɗe har bango. "Yanzu fa?"

"Kai dai ka tsaya kan gashi. Ƙofa ce ta cikin na'ura, wadda fayil ke bi ya shigo. Masu sa irin wannan waifai na jama'a rufe ta suke yi don baƙin ciki. Ni kuwa zan buɗe ta."

Shiga cikin na'urar sai da wata lambar sirri ta daban, wadda ko Alhaji bai sani ba. Jalaluddeen ya gwada sunan Alhaji, ya gwada Kazaure, ya gwada nasa sunan. Da ya ga ba ci, sai ya karɓi tsinken sakace a wurin mai tsire, ya sake hawa duro, ya lalubi wani ɗan rami a bayan na'urar ya soka, ya riƙe. Fitilun na'urar suka ƙifta gaba ɗaya suka mutu.

Kawuna suka fara leƙowa daga shagunan layin. Sadiyya ta fito da wayarta a ɗage, hoton takardar magani ya tsaya a rabi. Alhaji Maikasuwa ya fito yana ta cewa "Alo, alo," mutumin Nijar ya ɓace a tsakiyar ciniki.

"Jalaluddeen, me ka taɓa?"

"Barci na sa ta, ranka ya daɗe. Za ta farka da ƙarfi."

Ta farka kuwa. Sai dai ta manta duk abin da aka koya mata, har da lambar sirri. Waifai ya dawo a buɗe, duk wanda ya wuce da waya sai ya hau. Mai keken da ya shiga kwandon lemo shi ya fara lura, shi ya kai labari tasha. Kafin azahar rumfar ta cika. Ɗalibai, 'yan acaba, masu jiran motar Roni da suka fasa tafiya, har wani dattijo da ya zo daga Achilafiya sayen taki ya nemi gefen benci yana kallon dambe. Kwamfutar Jalaluddeen ta kai kashi biyu ta zauna kamar ta zo gida.

Da wani ne, da ya ja jiki ya je ya gaya wa Dinatu gaskiya tun da sauran lokaci. Jalaluddeen kuwa duro ya hau ya tafa hannu.

"Jama'a, Allah ne Ya kawo ku. Ba na ce muku gayya ba ce? Kowa ya kawo wayarsa in sa masa manhajar saukewar, mu ja bidiyon nan tare. Abin da mutum ɗaya ya kasa, mutum hamsin za su fizgo shi."

Mutane suka yi layi, don abin kyauta ne kuma akwai kallo. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sa musu. Da aka gama, wayoyi hamsin suka kama jan abu ɗaya ta bututu ɗaya daga kwamfuta ɗaya da ke Fatakwal. Ɗan abin da Jalaluddeen ke samu aka raba shi hamsin.

Halliru ya leƙa. "Injiniya, ni dai aski na sani. Amma in rijiya guda ce guga guda, ƙara masu tulu yana ƙara ruwa?"

"Shi ya sa kake aski."

Gumi ya fara keto masa ta ƙarƙashin tabarau. Ya ga an fara sauke kujerun haya a ƙofar gidan abinci. Ya ga an ɗauko babban talabijin na gidan kallon ƙwallo an shiga da shi. Ya ga ƙanwar Dinatu ta sauko daga mota da kular zoɓo. Ya ciji yatsa, ya tuno wani abu da ya taɓa ji a kwas ɗinsa na Kano kafin ya bar malaman da jahilcinsu.

"Na tuna. Tsarin nan ba ya son marowaci. Yana duba wanda ya fi bayarwa, shi yake fara ba wa. Ni ban ba da komai ba, shi ya sa yake ja mini rai."

Ya shiga cikin manhajar. Ta tambaye shi wanne daga cikin kayansa yake so ya raba wa jama'a. Ya zaɓi duka. Wani rubutu ya fito da jan launi yana tambaya ko ya tabbata.

"Me ta ce?" in ji Halliru.

"Irin wannan rubutun don 'yan koyo ake yinsa."

Ya danna.

Nan take lambobi suka fara gudu a fuskar kwamfutar, gudun da ba a gani ba tun safe. Wayoyin da ke rumfar suka shiga ƙara ɗaya bayan ɗaya. Jalaluddeen ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya harɗe ƙafa.

"Ina masu dariya? A matso a gani."

Masu dariya suna nan, sun ma ƙaru. Wani ɗalibi da ke sanye da abin ji a kunne ya dafe ciki ya sunkuya. 'Yan acaba suka haɗa kai a kan waya ɗaya, kafaɗunsu na rawa. Duk wanda ya ɗago ya dubi Jalaluddeen sai ya yi sauri ya kau da kai. Shi kuwa ya ɗauka kunyar abin da suka faɗa a kansa ce ta kama su, ya riƙa ɗaga musu hannu alamar ya yafe.

Aka kira la'asar. Da aka dawo daga masallaci ya leƙa kwamfutar, ya ga wani layi ya cika fal da kore, an rubuta ɗari a gefensa. Bai tsaya duba ko layin mene ne ba. Ya rungumi kwamfutar ya nufi gidan abinci, taron rumfa ya biyo shi.

Halliru ya tare shi a ƙofa, yau babu wasa a fuskarsa. "Jalaluddeen, ka buɗe shi kai kaɗai tukuna. Don girman Mama."

"Hassada ba ta yi maka kyau, Halliru."

Sadiyya ma ta ce, "Ka ji abin da ya gaya maka."

"Ke dai nemi kujerar gaba."

Ciki ya cika. Matan coci a jere da ɗaurin ɗankwali, su Hajiya na gidan baya da mayafansu, Alhaji Maikasuwa a kujerar da aka ware masa. Dinatu ta ciro ankon daga akwati ta sa, ta zauna a tsakiya ta miƙe ƙafar da aka yi wa aiki a kan ƙaramar kujera, hannunta riƙe da hankici tun kafin a fara. Jalaluddeen ya haɗa kwamfutar da talabijin, ya juyo ya yi gyaran murya.

"Iyayena mata, an sha wahala, an yi fama da duwatsu, an yi fama da mahassada. Amma ilimi ya yi halinsa. Ga bikin Michael."

Ya danna koren layin. Layin nan kuwa ba na abin da ya sauko ba ne, na abin da ya fita ne daga kwamfutarsa zuwa wayoyin jama'a.

Talabijin ya haska. Ga ɗakin Jalaluddeen, ga katifa, ga Jalaluddeen da babbar riga a kan gajeren wando, riƙe da cokali kamar makirfo.

"Na gode, na gode, a zauna," in ji Jalaluddeen na cikin talabijin. "Ni, Injiniya Dokta Jalaluddeen, na karɓi wannan lambar yabo ta duniya duk da cewa a cikin jahilai na tashi. Ku ɗauki shugabanmu Alhaji Maikasuwa, wanda har yau yake zaton waifai wani irin wake ne." Ya cusa filo a cikin riga, ya tura ciki gaba, ya yi tafiyar Alhaji daga bango zuwa bango, babu abin da ya rage. "Ga Halliru, wanda in ya yi maka aski sai ka ce awaki sun kwana a gona. Ga Mama Dinatu, baiwar Allah, miyarta ruwan dam ne da aka nuna wa tumatir daga nesa."

Jalaluddeen na waje ya daka tsalle ya hau danna kwamfutar. Ta ƙi ji, wayoyi hamsin na jan kayanta, ko 'yar kibiyar da ke fuskarta ba ta motsi. Bidiyon ya ƙare, na gaba ya hau da kansa.

Ɗakin dai ne. Wannan karon fanka ce ta tsaye a tsakiyar ɗaki, an yafa mata hijabi. Jalaluddeen ya durƙusa a gabanta da furen roba.

"Sadiyya, ki daina ɓoye abin da ke ranki. Na san tun ranar da na sayi maganin mura kike tunanina. Za ki aure ni?"

Fankar ta juya kanta hagu, ta juya dama.

"Kada ki yi saurin amsawa. Ki tuna injiniya ne a gabanki."

Fankar ta sake juyawa hagu, ta juya dama.

Gidan abincin ya kece. Ƙanwar Dinatu ta ƙware da zoɓo. Wata daga cikin matan coci ta zame daga kujera aka riƙe ta. Sadiyya ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu ta ce, "Fankar nan ta fi ni haƙuri. Ni da tuni na hura shi waje." Jalaluddeen ya fizge wayar talabijin daga bango, hoto ya ɗauke. Amma muryarsa ba ta ɗauke ba. Ta ci gaba da fitowa daga aljihunan mutane da tagogi da bakin titi, wata tana godiya ga duniya, wata tana roƙon fanka, wata tana maimaita zancen tumatir.

Alhaji Maikasuwa bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa ya ɗan motsa. Dinatu ma ba ta yi ba. Ta jira har hayaniyar ta lafa.

"Jala. Bikin ɗana fa?"

Ya dubi kwamfutar. Can ƙasa, ƙarƙashin koren layin, ga ɗan siririn layin gaskiya.

"Kashi uku, Mama."

"Me ke cikin kashi ukun?"

Ya buɗe. Ƙofar coci ce, da ƙafar wani mutum, sai hoton ya daskare.

Dinatu ta kalli ƙafar nan ta daɗe. Ta sa hankicin ta share ido, ta gyara ɗaurin ankonta. Waɗanda suka biyo taro daga rumfa suka fara kashe wayoyinsu suna zamewa.

Alhaji Maikasuwa ya aika aka cire waifai ɗin daga sola gaba ɗaya. Ya ciro tasa wayar mai data ya miƙa wa Dinatu. "Maman Michael, kira shi ta bidiyo. In ba mu ga biki ba, ma ga masu bikin."

Michael ya ɗauka. Da ya ji abin da ya faru, sai ya ce a ba su ɗan lokaci. Da suka sake kira, ga shi cikin kwat ɗin aurensa, ga Marvellous cikin farar rigarta har da lulluɓi, a tsakiyar falonsu, sun kunna kiɗa. Sai dai a cikin gidan abincin hoton yankewa yake yi. Aka yi ta zagayawa da wayar, aka gano wuri ɗaya ne sabis ke kamawa sosai, bakin ƙofa, can sama kusa da rufi.

Dinatu ta nuna wurin da sandarta. "Halliru, kawo bencinka. Jala, hau."

"Mama, ai da za a bari in duba saitin..."

"Hau."

Ya hau. Ya ɗaga wayar da hannu biyu sama da kansa, fuskarta na kallon jama'a. Matan suka matso da kujeru. Marvellous ta durƙusa ta gaida surukarta da 'yar Hausar da ta koya, su Hajiya suka rangaɗa guɗa, matan coci suka ɗauki waƙa. Ango da amarya suka yi rawa, suka yanka wani ɗan burodi a madadin kek, suka sake rawa. Dinatu tana dariya hawaye na zuba, tana cewa a juyo mata da amarya ta ga bayan rigar.

Aka fara rabon abinci. Faranti na wucewa ta ƙarƙashin hammatar Jalaluddeen, farar shinkafa da miyar kaji, ƙamshi na hawa inda yake. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Hannuwansa suka fara gajiya.

"Mama, wa ke riƙe da wayar ne?" in ji Michael. "Sai rawa take."

"Injiniya ne."

Ƙanwar Dinatu ta tsaya da faranti a gindin benci, ta ɗaga kai ta dube shi, ta dubi yayarta.

"Kai wa Halliru," in ji Dinatu. "Wannan ba ya shan ruwan dam. Ɗaga hannunka sama, Jala, kana yanke mini kan amarya."